Bafaranshiyar da ta wuce zaure: Henriette Browne da matan Santambul

A shekarar 1861, a babban baje kolin zane-zane na birnin Paris da ake kira Salon, an rataye wasu zane biyu na wata mata da ke sa hannu da sunan Henriette Browne. Dukansu biyun sashen mata ne na wani babban gida a Santambul. Na farko ta sa masa suna Ziyara, na biyu kuma Mai Busa Sarewa. Maza suka yi dafifi don su kashe kwarkwatar ido, tunda an ce wannan karon wadda ta zana ta shiga da ƙafarta ta gani. Da yawansu sun koma gida da ɗan guntun haushi.

Ga abin da suka tarar a zanen Ziyara. Ɗaki ne mai tsayi, ginin baka, bangonsa fayau babu ado. Baƙi mata sun iso sanye da doguwar rigar fita da farin mayafi shara-shara irin na matan Turkiyya na wancan zamani, matan gida kuma sun taso tarbarsu, ana gaisawa cikin ladabi, har da ƙaramar yarinya a cikin ayarin. Kowace da suturarta tun daga wuya har idon sawu. Babu sarki a kishingiɗe, babu mai rawa, babu tarin zinariya da siliki. A ɗayan zanen kuwa mata ne a natse suna sauraron wata budurwa tana busa sarewa. Iyakar abin ke nan. Duk macen da ta taɓa zuwa barka ko gaisuwar biki za ta gane wurin nan take.

Kafin a fahimci abin da ya sa wannan ɗan abu ya zama labari, sai an san irin kayan da kasuwa ta saba da su. Tun bayan da Napoleon ya kai yaƙi Masar a 1798, sannan Faransa ta mamaye Aljeriya a 1830, Turawa suka kamu da son duk wani abin da ya fito daga ƙasashen Musulmi na Gabas da Arewacin Afirka. Wasu suka duƙufa a kan harsuna da littattafai, su ne malamanmu ke kira mustashriƙai. Wasu kuma suka ɗauki buroshi da fenti: kasuwanni, raƙuma, masallatai, mahaya dawaki. Amma babu hajar da ta kai sashen mata farin jini, wurin da babu namiji baƙo ɗaya da aka taɓa bari ya leƙa.

Jagoran wannan harka shi ne Jean-Auguste-Dominique Ingres. A 1814 ya zana wata ƙwarƙwara kwance tsirara ta juya baya, ya ja gadon bayan nata ya yi tsawon da ba a taɓa halittar ɗan Adam da shi ba, har masu sharhi suka ce ya ƙara mata ƙasusuwa uku. Yana da shekara 82, a 1862, ya sa hannu a kan Wankan Turkawa, wani zane mai siffar da'ira da aka cusa mata tsirara a cikinsa kamar ba za su iya numfashi ba. Shi kuwa Ingres bai taɓa taka ƙasar Turkiyya ba; tafiyarsa mafi nisa ita ce Italiya. Abin da ya dogara da shi wasiƙun wata Baturiyar Ingila ne, Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Daular Usmaniyya, wadda ta shiga gidan wankan mata a birnin Sofiya a 1717. Abin dariyar shi ne, ita matar ta jaddada cewa ba ta ga alamar rashin kunya ko ɗaya a wurin ba, ta ce nan ne dandalin da mata ke haɗuwa su ji labarin gari. Dattijo ya kwafe bayaninta a littafinsa, ya ɗauki tsiraicin, ya bar mata hirar. Eugène Delacroix ya ɗan fi shi, don shi ya je Maroko da Aljeriya a 1832, kuma ana cewa an saci hanya an shigar da shi wani gida a birnin Aljas, abin da ya haifar da zanensa na Matan Aljas a 1834. Ko da hakan ta faru, leƙe ne na ɗan lokaci.

Mu nan ba ma bukatar dogon bayani a kan tsarin irin waɗannan gidaje. Baƙo namiji iyakarsa zaure, cikin gida kuwa ba shiga, kuma duk wanda ya tashi a irin gidan ya san abin da ke bayan katangar: girki, raino, kitso, ciniki, rigima da sulhu, tsofaffi masu iko da kowa. Haka gidajen manyan Turkawa suke, sashen maza daban inda maigida ke karɓar baƙi, sashen iyali daban inda uwa da mata da 'ya'ya da barori suke. Baturen da aka tsayar a waje sai ya cika wurin da mafarkinsa, ya kai kasuwa, aka saya.

Asalin sunan wadda ta ɓata wannan ciniki Sophie de Bouteiller. An haife ta a Paris ranar 16 ga Yuni, 1829. Mahaifinta mai sarauta ne daga yankin Brittany, mai sha'awar kiɗa, mahaifiyarta kuma gwanar waƙa ce. Uwar ta taɓa ɗanɗana wuya: mijinta na fari ya rasu ya bar ta da ɗa, sai da ta koma koyar da kiɗa kafin ta riƙe kanta. Saboda haka ta dage cewa 'yarta, duk da gidan da ta fito, sai ta iya wata sana'a da za ta ci abinci da ita in duniya ta juya. A 1849 Sophie ta fara ɗaukar darasi wurin Émile Perrin, wanda daga baya ya bar buroshi ya zama shugaban manyan gidajen wasan kwaikwayo na Paris. A 1851 ta koma ajin da Charles Chaplin ya buɗe wa mata zalla. (Wannan Chaplin ɗin mai zane ne, ba ɗan wasan barkwancin nan na fim ba, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin.)

Dole ajin ya zama na mata zalla. Babbar makarantar zane ta gwamnati, École des Beaux-Arts, ba ta fara karɓar mata ba sai a 1897. Ginshiƙin karatun a can shi ne a tsayar da mutum tsirara ɗalibai su zana shi, abin da ake ganin bai dace da 'yar mutunci ba. Wanda bai yi wannan karatu ba kuwa ba a ɗaukarsa da manyan ayyuka irin na tarihi da yaƙe-yaƙe, inda suna da kuɗi suke. Abin da aka bar wa mata shi ne furanni, yara, hotunan fuska da al'amuran cikin gida. Rosa Bonheur, wadda ta fi kowace mace suna a fagen a wancan zamani, sai da ta nemi takardar izini daga 'yan sanda kafin ta sa wando ta shiga kasuwar dawaki ta yi aikinta. Ke nan su ma matan Paris da nasu irin kullen, sai dai ba a kiransa da sunan.

Ga 'yar masu sarauta, a ji cewa tana sayar da aikin hannunta abin magana ne. Shi ya sa da ta tashi kai zanenta na farko Salon a 1853, wani zane na karatun Littafi Mai Tsarki, sai ta ari sunan kakarta ta wajen uwa, wadda zuriyarta ta fito daga Ayalan. Daga nan aka sami mutum biyu a jiki ɗaya: Henriette Browne mai zane, da kuma Madam de Saux, matar Jules de Saux, jami'in diflomasiyya kuma sakataren Count Walewski. Walewski ɗan Napoleon na Farko ne da ya haifa da wata 'yar Poland ba ta hanyar aure ba, kuma shi ne ministan harkokin wajen Faransa daga 1855 zuwa 1860. A riƙe wannan sunan, don shi ne makullin ƙofar da za ta buɗe mata nan gaba.

Kasuwa ta karɓe ta da wuri. A babban baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1855 ta sami lambar yabo mai daraja ta uku, kuma Sarki Napoleon na Uku da kansa ya sayi zanenta na wata makarantar 'ya'yan talakawa. Wani dillalin zane mai hanci, Ernest Gambart, ya fara kai ayyukanta shagonsa da ke Landan, inda Turawan Ingila suka rungume ta fiye da 'yan ƙasarta. A 1859 matar sarkin, Eugénie, ita ma ta sayi nata.

A wannan shekara ta 1859 ne ta fito da aikin da ya ɗaga ta sama, zanen wasu sistocin Katolika biyu masu jinya. Yaro ne marar lafiya, an naɗe shi da bargo, ya langaɓe a cinyar ɗaya daga cikinsu, hannunsa ya saki, idonsa ya yi nauyi. Sistar na sanye da farar hular nan tasu mai fiffike kamar za ta tashi, ta sunkuyar da kai tana kallonsa. A bayanta ɗayar na tsaye tana haɗa magani. Na daɗe ina duban hoton wannan zane, kuma abin da ya fi kama ni shi ne fuskar mai riƙe da yaron: ba kuka take ba, ba murmushi ba, fuska ce ta wadda ta saba da aikin, ta san zazzaɓi ba ya jin lallashi. Faransawa na ganin girman waɗannan sistoci tun hidimar da suka yi wa sojoji a Yaƙin Kirimiya, don haka zanen ya faɗa a kan gaɓa. A Ingila ma, ƙasar da ba ta cika ƙaunar ɗarikar Katolika ba, marubuci Charles Kingsley ya yi dogon rubutu yana yabonsa.

To wannan matar ce, mai zanen sistoci da 'yan makaranta, ta bi mijinta zuwa Santambul a 1860, a ƙarshen zamanin Sarkin Musulmi Abdulmajid. Shekara huɗu ke nan da gama Yaƙin Kirimiya, inda Faransa da Ingila suka mara wa Usmaniyawa baya a kan Rasha, kuma Walewski, ubangidan mijinta, shi ya shugabanci taron sulhun da aka yi a Paris a 1856. Matar irin wannan jami'i ba za ta sha wahalar samun gayyata zuwa gidajen manya ba. Ziyarar gajeruwa ce, amma ta isa ta ga abin da Ingres bai gani ba a shekarunsa tamanin da ɗoriya.

Da zanen suka fito, Théophile Gautier, babban mai sharhi wanda shi ma ya je Santambul a 1852 har ya rubuta littafi a kan birnin, ya amsa cewa an fi shi. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, mata ne ya kamata su riƙa zuwa Turkiyya, don namiji ba ya ganin komai sai bango da ƙofofi a rufe. Gani ya kori ji. Aka ba ta lambar yabo mai daraja ta biyu. Amma wasu masu sharhin sun yi tsaki: ɗakin ya yi musu fayau, matan sun yi musu sanyi, wai sun fi kama da matan manya na Paris masu kai wa juna ziyarar yamma. Suna nufin suka ne, ni kuwa a wurina babu yabon da ya fi wannan. Sun ga mutane a inda suka sa ran ganin kayan wasa, shi ne bai yi musu daɗi ba.

Duk da haka ba na cikin masu mayar da ita waliyyiya. Baƙuwa ce, kuma baƙo abin da aka shirya masa yake gani. Ranar da matar jami'in Faransa za ta zo, an share gida, an sa kayan fita kunya, an kwaɓi yara. Manyan gidajen Santambul na wancan lokaci cike suke da kuyangi da aka sayo daga yankin Kaukasus da kuma Afirka, amma ba za ka ji ɗacin wannan a natsuwar zanenta ba. Matan da ta zana babu wadda aka rubuta sunanta. Sunan da ke ƙasan zanen nata ne, kuɗin ma aljihunta ya shiga. Sannan akwai tambayar da ba a cika so a yi ba: da ta ga abin da ya saɓa wa kunya, za ta iya zanawa? Madam de Saux, matar sakataren minista, ba ta isa ta rataye mata tsirara a Salon ta kwana lafiya ba. Suturar da ta sa wa matan Santambul gaskiya ce, amma ita ma ta rufa mata nata asirin. Idan ka jera ayyukanta za ka ga kusan abu ɗaya take zanawa tun farko: mata da yara a cikin bango huɗu, suna karatu, suna jinya, suna karɓar baƙi. Ɗakin sistoci da sashen matan Baturke duk fili ɗaya ne a wurinta, filin da aka yarda mace ta yi kiwo a ciki. Sa'arta ita ce a wannan karon filin nata ya faɗo daidai inda maza ke mutuwar son shiga.

Kuma kada a ɗauka zama mace kaɗai ke sa a zana gaskiya. Elisabeth Jerichau-Baumann, mai zane daga Denmark, ta shiga irin waɗannan gidaje a Santambul wajen 1869 zuwa 1870, ta ga matan da idonta, ta dawo ta zana wasunsu cikin tufafin da bai rufe komai ba, don ta san abin da masu saye ke so. A ɗaya gefen kuma, wanda ya sayi Wankan Turkawa na Ingres a 1865 ba Bafaranshe ba ne. Khalil Bey ne, attajiri kuma jami'in diflomasiyyar Daular Usmaniyya, haifaffen Masar, mutumin da ya fi kowa sanin cewa gidan uwarsa ba haka yake ba. Duk mai son ya raba wannan tarihi gida biyu, azzaluman Turawa a nan, Musulmi abin tausayi a can, sai ya yi tuntuɓe da Khalil Bey.

Bayan Santambul, tafiya ta buɗe mata. Ta je Maroko a 1864, sannan Masar da Siriya a hunturun 1868 zuwa 1869, dab da buɗe mashigin ruwan Suwez. Abin da ta dawo da shi ya fi karkata ga makarantu da yara da masu karatu: 'yan makarantar Yahudawa a Tanja, Kibɗawan kudancin Masar, yara da lemo a hannu. A ganina nan ne ainihin inda zuciyarta take. Ta ga Gabas da ake zama a buɗe littafi, a zamanin da takwarorinta maza suka fi ganin takobi da kasuwar bayi. Ta kuma ƙware a sassaƙa zane a kan farantin ƙarfe don a buga kwafi da yawa, inda ta riƙa juyar da ayyukan Alexandre Bida, wani mai zanen Gabas, har ta sami lambar yabo a wannan fanni a 1863.

Ita ma dai ba ta tsira daga dabarun sana'ar ba. A 1863 ta zana wata ƙaramar yarinya cikin kayan Girkawa, ta sa wa zanen suna Kamammiyar Girka, suna mai tuna wa Bature labarin Turkawa masu kame 'ya'yan Kirista. Yarinyar da ta zauna aka zana ba Bagirkiya ba ce, ba kuma kamammiya ba. Maria Pasqua ce, 'yar talakawan Italiya da mahaifinta ya kawo Paris yana kai ta ɗakunan masu zane ana biyansa. An sa mata kaya, an ce ta yi tagumi, aka sami abin sayarwa.

Daga ƙarshen shekarun 1870 ta daina kai aiki baje koli. A 1894 wata ƙungiyar masu zanen fentin ruwa ta Landan ta ba ta kujerar girmamawa, Browne kuma ta rasu a Paris a 1901. Kafin nan iska ta riga ta juya: mai zane Monet da abokansa sun sauya wa mutane ido, zane mai santsi da tsafta irin nata ya zama tsohon yayi, aka tattara shi da masu yinsa aka kai ɗakin ajiya. Mazan cikinsu an riƙa tunawa da su jefi-jefi. Ita kuwa shiru, kusan shekara ɗari.

Abin da ya tono ta muhawara ce. A 1978 Edward Said, Bafalasɗine malamin jami'a a Amurka, ya fitar da littafinsa a kan yadda Turawa suka ƙirƙiri wata Gabas a kansu don ta yi daidai da mulkin da suke yi mata. Said bai ce komai sosai a kan matan Turai da suka shiga wannan aiki ba. Wannan giɓi ne wata malama 'yar Birtaniya, Reina Lewis, ta cike a littafinta na 1996, inda ta bi sharhin jaridun Faransa da na Ingila a kan Browne ɗaya bayan ɗaya, ta nuna yadda kasancewarta mace ya zama mata jari da kuma dabaibayi a lokaci guda.

Mai son ganin aikinta a yau sai ya yi yawo. Sistocin masu jinya suna gidan adana zane na Hamburg a Jamus. Kamammiyar Girka tana hannun gidan Tate a Landan. A gidan tarihi na Victoria da Albert, a Landan ɗin dai, akwai zanenta na wata yarinya da ta ɗago kai daga rubutu tana kallon ɗan tsuntsunta da ya fito daga keji, a garin Bournemouth kuma akwai wata budurwa 'yar Arewacin Afirka da akunta. Zanen Ziyara yana hannun masu tara kayan ƙawa na ƙashin kansu, yawancinmu a littafi ko a intanet kawai muke ganinsa. Wankan Turkawa na Ingres kuwa yana gidan Louvre a Paris tun 1911.